Amfi mai kwalba: ina son sauti garau, shi kuwa sai dishewa yake yi

Tsirkiya_Shida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata matsala ce ta ishe ni, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace. Amfina, wato akwatin da ke ƙara wa jita murya, mai kwalba ne, irin kwalaben gilashin nan na tsohon rediyo: wat 15, kwalba EL84 biyu a ɓangaren ƙarfi, 12AX7 uku a gaba, sifika ɗaya mai inci 12. In ina ɗaki ni kaɗai, sautin garau yake fita, har ba na son in ajiye jitar. Amma da mun haɗu atisaye, mai ganga ya zauna, na ɗan ƙara murya don a ji ni, shi ke nan sai ya fara dishewa. In tsirkiya ɗaya na taɓa da sauƙi. In na haɗa kod, wato tsirkiyoyi da yawa gaba ɗaya, musamman da masu kaurin nan biyu, sai ka ji kamar ana yaga tsohon zane. Irin kiɗanmu ba ya son wannan kaushin ko kaɗan. Jitar mai hambaka biyu ce, wato fikof mai naɗi biyu, abin da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya tura wa amfi. Maɓallan amfin kuwa, gen yana kan 6, masta 4, bes 7, midil 4, tirebul 6. Amfin ne ya lalace ko ni ne ban iya ba?

SarkinAmo:
Wa alaikumus salam. Wat 15 a gaban mai ganga? Ai ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Kar ka wahalar da kanka da murɗe-murɗe, nemi Twin Reverb, babban amfin kamfanin Fender, ka huta. Wat 85, 6L6 huɗu, sifika biyu. Kunnenka zai gaji kafin shi ya gaji.

Baban_Kwalba:
SarkinAmo, a bari yaro ya san ciwonsa kafin a rubuta masa magani.

Tsirkiya_Shida, ƙanena, lambobin da ka rubuto su suka tona asirin. Gen 6, masta 4. Ka juya su. Masta ka kai shi 8 ko ma ƙarshe, gen ka dawo da shi ƙasa, daga nan ka riƙa ɗaga shi a hankali har ƙarar ta kai yadda kake so. Gen ɗin shi zai zama bolum ɗinka.

Dalili kuwa, a cikin amfi irin naka wuri biyu sauti yake iya fashewa. Na farko ƙananan kwalaben gaba, waɗanda suke karɓar ɗan siginar jita su kumbura shi. Na biyu manyan na baya, masu tura sifika. Gen yana tsaye a tsakiyar na gaba, shi ke cewa nawa kwalba ta farko za ta ɗura wa ta biyu. In ka ɗaga shi, ta biyun ta cika ta batse, kan igiyar sautin ya daki rufi ya baje. Masta yana bayan duk wannan, ba ya wanke abin da ya riga ya gurɓace, rage masa ƙara kawai yake yi. Kai yanzu ka shaƙe na gaba, ka kuma hana na baya aikinsu. Da hambaka, gen 6 a yawancin irin waɗannan amfin ya riga ya shiga gonar kaushi. A ɗaki ba ka ji ba ne saboda a hankali kake kaɗawa. Da mai ganga ya fara, hannunka ya yi nauyi ba ka sani ba.

Sannan bes 7 ya yi yawa ƙwarai. Amon ƙasa shi ke cinye ƙarfin amfi fiye da komai. Shi ya sa masu kaurin suke fara yagewa. Sauke shi 3, in ka ji ya rame ka ƙara rabi. Kuna da mai bes a ƙungiyar ai, ka bar masa gonarsa.

Tsirkiya_Shida:
Na gode Baba. Wallahi ni a tunanina masta in ya hau shi ke kawo fashewar, shi ya sa nake tsoronsa. Muna da mai bes, eh.

Injiniya_Taransifoma:
Bari in ɗan taɓa maganar wat, don ita ce ke cinye wa mutane kuɗi a banza. Kunne ba ya ƙirga wat yadda aljihu yake ƙirgawa. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙaru, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙara. Daga 15 zuwa 30, desibel 3. Kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Mai wat 15 sai ya koma 150 ke nan. Twin ɗin da SarkinAmo yake talla, in lissafin wat kaɗai za a bi, ya fi naka da desibel 7 da rabi. Ba ƙaramin abu ba ne, ban musa ba. Amma akwai inda ake samun desibel 3 ba tare da an sauya amfi ba: sifika. Kowace sifika akwai lambar da ke nuna ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. In taka 97 ce ka sa mai 100, kamar Vintage 30 ta Celestion, daidai yake da ka mai da amfinka wat 30. Ka leƙa bayan akwatin ka karanta mana abin da ke jikin sifikar.

SarkinAmo:
Injiniya, lissafi daban, fili daban. Na yi shekaru ina fama da ƙananan amfi, na sauya sifika, na sauya kwalba, ranar da na jona babba na ce ashe da wasa nake yi. Ba ƙara kaɗai ba ce. In ka daki tsirkiya mai kauri a babban amfi tsayawa take yi cak, ba ta lanƙwashewa.

Injiniya_Taransifoma:
Wannan gaskiya ne, kuma akwai dalilinsa. Twin babbar taransifoma gare shi, wutarsa ta diyod take bi ba ta kwalbar rektifaya mai daidaita wuta ba, don haka in ka daki kod wutar ba ta sunkuyawa. Ƙanensa Deluxe Reverb, wat 22 da 6V6 biyu, kwalbar GZ34 ce ke daidaita masa wuta, yana ɗan yin laushi in an matsa masa. Masu 5Y3 sun fi shi ma laushi. Sannan amfin Fender na wancan zubi suna dawo da ɗan abin da ya fita zuwa baya don ya gyara kansa, abin da ke ƙara tsafta da tsauri. Vox AC30 ba shi da wannan dawowar, ga shi EL84 huɗu, ita kuwa EL84 sigina kaɗan ke cika ta. Shi ya sa wat 30 ɗinsa yake fara gashi da wuri. Ban ce babban amfi ƙarya ba ne. Cewa na yi a gama da na hannu tukuna. Kuma wanda zai ɗauki kusan kilo 30 ya hau bene da shi ya fara tambayar bayansa.

Zabiya_Mai_Jita:
Sannunku da muhawara. Ƙanena, tambaya ɗaya: a ina kake ajiye amfin in kuna atisaye?

Tsirkiya_Shida:
A ƙasa Anti, bayana, jikin bango.

Zabiya_Mai_Jita:
To ka ga gwiwoyinka ne suke jin kiɗan, ba kunnenka ba. Amon sama na sifika a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Yana wucewa ta ƙafafunka, kai kana jin gunjin ƙasa kawai, sai ka ɗauka ba a jin ka, ka kai hannu ka ƙara. Na taɓa yin wata guda ina zargin amfina, ashe wanda ke tsaye can gaba har toshe kunne yake yi. Ɗora shi a kan kujera, ko ka jingina shi ya kalli kanka, kuma ka janye shi daga bango, don bango da lungu suna ƙara kumbura bes. Za ka ga ka rage ƙarar da kanka ba wanda ya ce ka rage.

Abu na biyu, jitar. Hambaka tana fitar da sigina fiye da fikof mai naɗi ɗaya, kowa ya san wannan, amma mutane suna mantawa tsayinta ma yana da tasiri. Danna tsirkiya a kan matakin ƙarshe ka dubi ratar da ke tsakaninta da fikof ɗin. In ka ga sun kusa sumbatar juna, ɗauki sukundireba ka sauke ta, rabin zagaye kowane gefe, ka saurara, ka sake. Gefen masu kauri ya fi son a sauke shi. Ka riƙa ƙirga zagayen don in ba ka so ba ka mayar. Bolum na jikin jitar kuma ba dole ne ya zauna a 10 ba. Ni a 7 nake zama, in an zo inda zan fito ni kaɗai sai in buɗe da ɗan ƙaramin yatsa.

Kunnen_Jemage:
Anti, matsalar sauke bolum na jita ita ce hasken yana tafiya. Ni da na kai 7 sai in ji kamar an rufa wa sifikar bargo.

Zabiya_Mai_Jita:
Haka ne, musamman in wayarka doguwa ce. Maganinsa ɗan ƙaramin kafasita da ake haɗawa tsakanin ƙafafu biyu na bolum ɗin, yana barin amon sama ya wuce in ka rage. Aikin minti kaɗan ne a wurin mai gyara. Ko kuma ka ƙara tirebul a amfi ka saita shi da jitar tana kan 7 tun farko.

Kunnen_Jemage:
To ni shawarata a sauya kwalbar farko. 12AX7 ninkinta 100 ne. 5751 tana da 70, 12AY7 kuma 40 da 'yan kai, ƙafafunsu duk ɗaya, cirewa kawai za ka yi ka soka. Ba sabon abu ba ne ma, tsofaffin Fender na shekarun 1950 irin su Bassman na 1959 da 12AY7 suka zo a ramin farko.

Amma bari in ba ku labarin wautata. Na sa 12AY7 a ramin farko na Deluxe Reverb ɗina, na zauna ina kaɗawa ina gyaɗa kai, ina cewa kai, ka ji tsafta. Har na kira abokina ya zo ya ji, shi ma ya ce lallai akwai bambanci. Bayan mako biyu na buɗe zanen amfin, sai na ga ramin farko na tashar Normal ne, ni kuwa tun da na sayi amfin a tashar Vibrato nake jonawa, wadda kwalbarta ke rami na biyu. Wato kwalbar da na sauya sautina ko ta kanta bai bi ba.

SarkinAmo:
Hahaha! Kunnen jemage ko kunnen ƙashi? Allah ya shirye ka.

Injiniya_Taransifoma:
Labarin nan a ajiye shi a saman zauren. Amma ko da ka dace da ramin, a fahimci abin da sauyin yake yi. Kwalba mai ƙaramin ninki ba ta ƙara wat ko ɗaya. In fashewar daga gaba take, za ta taimaka sosai. In daga EL84 ɗin take, wato sun ba da duk abin da suke da shi, to abin da zai sauya kawai shi ne lambar da fashewar ke farawa. Da a 5 take farawa, yanzu sai 7, amma ƙarar da kunne zai ji a wurin ɗaya ce. Mutum ya ga lamba ta hau ya yi murna.

Shi ya sa nake cewa a fara gano inda yake fashewa. Tsirkiya_Shida, gwajin ba wuya. Bar gen inda yake, sauke masta ƙasa sosai, ka daki kod da irin ƙarfin da kake dukansa a atisaye. In ka ji kaushin a ƙaramar murya, laifin na gaba ne, maganar Baba da ta Anti za su kashe shi. In garau ya fito, sai an ɗaga masta yake yagewa, to ko kwalaben baya ne ko sifika. Don raba waɗannan biyun, ara wani akwatin sifika mai om, wato lambar tsayayyar wutarsa, daidai da naka ka jona. Gargaɗi: kada ka kuskura ka kunna amfi mai kwalba ba sifika a jone. Taransifomar fita ce za ta tafi, ita ce kuwa mafi tsada a cikin akwatin.

Tsirkiya_Shida:
Na gwada yanzun nan. Masta a 1, gen a 6, na daki kod da ƙarfi, kaushin na nan daram. Ashe tun a ɗaki yana nan, ban taɓa dukan jitar haka ni kaɗai ba ne. Na sauke gen zuwa 3 ya ɓace. Sifikar kuma ba lambar desibel a jikinta, om 8 kawai aka rubuta.

Baban_Kwalba:
Madalla. Rabin aikin ya ƙare.

Wani abu da ban ga an faɗa ba: in amfinka yana da ramin jona jita biyu, gwada na biyun. A tsofaffin Fender rami na 2 yana rage siginar da desibel 6, don masu fikof mai ƙarfi aka yi shi. Mutane suna ganinsa kamar ado.

Abin da ke ba ni dariya a wannan zamanin, Leo Fender kansa mai gyaran rediyo ne a Fullerton ta Kalifoniya, ba makaɗin jita ba, kuma kaushin nan da ake biyan kuɗi a saya yau, shi a wurinsa aibi ne da yake ta ƙoƙarin kawarwa. Amfinsa na shekarun 1950 suna fashewa da wuri, waɗanda suka fito daga 1963 masu baƙar fuska suka zo da ƙarin sarari kafin su fashe, aka kwashe musu amon tsakiya. Wannan kwashewar tsakiyar na daga cikin abin da kunnenmu yake kira tsafta har yau.

Taransista_Zalla:
Ina ta karantawa ina murmushi. Mutum goma sun taru suna koya wa kwalba ta daina halin kwalba. In tsafta kake so, Roland sun gama magana tun 1975 da JC-120, amfinsu mai taransista. Ba kwalba, ba bayas, wato saitin wutar da kwalba ke zama a kai, ba jiran ya yi zafi. Ka kunna ka kaɗa.

Zabiya_Mai_Jita:
JC-120 amfi ne na gaske, ba mai raina shi. Amma tsafta ba iri ɗaya ba ce. Taransista tana nan garau har ta kai iyakarta, daga nan ta yanke kai tsaye, abin ba daɗin ji. Kwalba tun kafin ta kai iyaka take fara lanƙwasa a hankali, tana danne kan dukan tana ɗago jelar sautin. Yawancin abin da muke ji a faifai mu ce kai ga sauti garau, in ka kasa kunne da kyau akwai ɗan gashi a bakinsa. A cikin ƙungiya ba a jin sa a matsayin kaushi, kauri ake ji. Ni can nake son zama: in na shafa ya fito tas, in na daka ya ɗan yi gurnani. Ƙanena ya yanke wa kansa wacce yake nufi, don in tsaftar gilashi yake so a kowane irin duka, to kai da SarkinAmo kuna da hujja.

Taransista_Zalla:
Ɗan gashi a baki. Wato dai dishewar ce aka sa mata suna mai daɗi.

Zabiya_Mai_Jita:
Ai gishiri ma in ya yi yawa sunansa ɓarna.

Kunnen_Jemage:
A ƙara midil fa? Ni na ga in ana son a ji mutum cikin taro, tsakiya ce ke fito da shi, ba ƙara ba.

Injiniya_Taransifoma:
Tana fito da shi, amma da sharaɗi. A irin wannan zubin, ɗaga midil yana ƙara yawan siginar da ke wucewa gaba ɗaya, don haka yana matso da fashewar kusa. In ka ɗaga midil ka ɗan sauke gen. Da bes a ƙasa, yawanci cinikin yana yin riba.

Tsirkiya_Shida, shekara nawa kwalaben bayan suka yi? Kuma ka saurari wani abu: kaɗa tsirkiya ɗaya a hankali ka bar ta ta mutu da kanta. In kana jin wani zizar ƙuda yana bin jelar sautin daidai lokacin da yake ƙarewa, wannan ba cikar kwalba ba ce. Sau da yawa alamar bayas ya yi sanyi ne, wato a wurin da kwalba ɗaya ke miƙa wa 'yar'uwarta aiki ana samun ɗan giɓi. In kuma ya yi zafi da yawa, kwalaben suna saurin tsufa, wani lokaci har ka ga farantin ciki ya yi ja. Masu gyara da yawa suna saita shi kusa da kashi 70 cikin 100 na abin da kwalbar ke iya ɗauka, EL84 kuwa wat 12 ce iyakarta. Wasu amfin ma kansu suke daidaitawa ta katod, ba abin murɗawa. Amma wannan ba aikinka ba ne. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe bolt 300 zuwa sama ko bayan an zare waya daga bango, manyan amfi har sun haura 450. Kwalba kana iya cirewa daga waje in ta huce. Buɗe cikin ƙarfen kuwa, bar wa mai sana'ar.

Tsirkiya_Shida:
Shekara huɗu ke nan, tun da na saya ban taɓa sauya su ba, kuma kusan kullum sai na kunna. Zizar ƙudan ban ji ba.

Baban_Kwalba:
Shekara huɗu kullum, EL84 sun yi maka biyayya. Su da zafi suke aiki, in sun gaji ƙarfinsu raguwa yake yi a hankali ba ka lura, bes ya saki, sararin ya ƙanƙance. Sayi biyu waɗanda aka auna aka haɗa su daidai, kada ka sauya ɗaya ka bar ɗaya, ka kai wa mai gyara ya duba bayas ɗin. Na gaba kuwa suna daɗewa, in ba ka ƙwanƙwasa su da fensir ka ji ƙarar ta fito ta sifika kamar ƙararrawa ba, ƙyale su.

Tsirkiya_Shida:
Jama'a na dawo daga atisaye. Masta 8, gen 3, bes 3 da rabi, midil 6, tirebul 6. Na sauke hambakar wuya zagaye ɗaya da rabi a gefen masu kauri. Amfin a kan kujera yana kallona. Wallahi kamar an sauya mini shi. Mai bes har ya juyo ya ce sabo na saya? Waƙa huɗu garau. A ta ƙarshe ce kawai, inda mai ganga yake haukacewa a kan faranti, na ƙara gen zuwa 4 da rabi, ya ɗan yi gurnanin da Anti ta faɗa. Bai yi muni ba, amma na ji iyakarsa ke nan. Kwalaben baya zan sauya ƙarshen wata in Allah ya yarda.

SarkinAmo:
Ka ji iyakarsa ke nan. Na gode da ka faɗa da bakinka. Ranar da kuka fita fili za ka neme ni.

Zabiya_Mai_Jita:
A fili ai makirufo ake sa masa. Ka kafa ta dab da ƙyallen sifikar, ba a tsakiya cak ba, ɗan gefe inda hular tsakiya ta haɗu da takardar, sauran aikin na manyan lasifikoki ne.

Mai_Sanda_Biyu:
Salamu alaikum. Ni ne mai gangar da ake ta ambato tun shekaranjiya, yanzu aka turo mini. Ba wanda ya taɓa ce mini ina rufe shi, sai dai in ga yana harara ta yana murɗa abu. Ina da sanduna sirara a jaka, 7A, ranar Asabar zan zo da su. Amma waƙar ƙarshen nan ba na yi alkawari.